Wace ce Uwar Zalɓe?

Ba zan taɓa mantawa da wani daren Alhamis a gidan Alhaji Mati ba, ko da yake yanzu mantuwa ta kai ni in nemi carbina alhali yana rataye a wuyana. Abin da na so in manta shi ne ya ƙi tafiya. Na yi shekaru ina hana a tayar da zancen a gabana, amma da na ga masu ba da labarin suna ɓata shi, wannan ya ƙara, wancan ya rage, sai na ce gara in ba da shi da bakina. In dai za a yi mini dariya, a yi ta bisa ƙa'ida.

Ni ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ban taɓa riƙe bik na rubutu ba sai in zan sosa kunne. Amma magana gonata ce. A Jiratawa aka haife ni, wajen kakata na koyi tatsuniya muna ɓarar gyaɗa a farin wata, kuma da aure ya kawo ni Sabon Gari a nan Maradi, ban rufa shekara ba sai da tsakar gidanmu ta koma kamar 'yar kasuwa bayan isha'i. In na yi muryar kura tana roƙon dila, har mazan da ke zaure sai su yi kamar tari ne ya kama su. Ƙa'idata biyu ce, kuma gadonsu na yi. Mai ba da dariya ba ya dariya. In ya riga mutane darawa, ya cinye musu rabonsu. Sannan magana mai daɗi ba a jefa ta da gudu. Riƙe ta ake yi a baki, sai mai saurare ya miƙo wuya, kana a sake ta.

Abin ya faru a shekarun da jam'iyyu suka fito kamar kwaɗi bayan ruwan farko. Kowace mace da atamfa mai hoton wani, yau mitin, gobe yajin aiki, lakwal a rufe wata da watanni, ma'aikata suna zaune gindin dogon yaro suna jiran albashin da ba ya zuwa. Ga shi an karya darajar kuɗinmu na sefa, kaya sun yi tsada, har maggi sai an raba shi biyu. Cikin wannan hali ne tele ta fara nuna wani teyatur, wasan kwaikwayo na dariya, daren Alhamis, can bayan an gama labarai da Faransanci, lokacin da masu hankali suka riga suka kwanta. 'Yan Maradi ne ke yi, a ɗauke su a nan, a aika kasat ɗin Yamai, a maido mana da su ta cikin akwati. Gajerun wasanni ne, uku ko huɗu, duk a kan halin da muke ciki.

Wanda ya ɗauki nauyin teyatur ɗin shi ne maƙwabcinmu Alhaji Mati, mai sabulu da ganyen shayi, wanda motocinsa ke kai-da-kawo har Katsina da Kano. A tsakiyar wasa sai a tsaya a nuna sabulunsa, wata tana wanki tana murmushi kamar an ce mata gobe sallah. Mati kuwa ni na goye shi, uwarsa ƙawata ce, da tatsuniyoyina ya girma, shi ya sa duk alhazancinsa in ya zo gabana sai ya rage murya. Ran Alhamis sai ya sa a fito da tele tsakar gida a ɗora kan tebur, mata a gaba, maza a baya wajen zaure, rabin unguwa a cike.

Tabarmata tana gaban kowa. Ba wanda ya naɗa ni alƙaliya, amma da an gama wasa ɗaya sai in ga kawuna sun juyo. In na ce “Da gishiri,” sai a saki dariyar da aka riƙe. In na ce “Lami,” har waɗanda suka riga suka dara sai su haɗiye sauran. (Ba zan ɓoye muku ba, wannan juyowar kawunan ta fi mini teyatur ɗin daɗi.)

Kuma ban zalunci kowa ba, da farko. Akwai wani mai tumbi da ke fitowa a ɗan siyasa, ya sa riguna uku ɗaya kan ɗaya. In ya shiga gida sai ya saci kallon hoton da ke bango, ya tuɓe riga har ya kai launin jam'iyyar mai gidan, fuskarsa kuma kamar mai jan sallar gawa. Wannan na ce ya iya. Akwai wata da ke fitowa a matar ma'aikaci, ta ɗora tukunyar ruwa zalla a wuta don maƙwabta su ga hayaƙi, har tana ɗanɗanawa tana cewa yau yaji ya yi yawa. Wannan ban ce komai ba, na dai share ido da bakin zane, kowa kuma ya gane hukuncin.

Sai wani dogo siriri, mai dogon wuya da farar riga. Allah Ya ba shi jiki na ban dariya, amma Ya hana shi haƙuri. Magana na zuwa bakinsa sai ya watso ta kamar mai tofar da kunu mai zafi, kuma tun bai kai ƙarshe ba sai ka ga kafaɗunsa suna rawa, shi ya riga kowa jin daɗin abinsa. Daren farko na ce lami. Dare na biyu na ce, “Wannan zalɓen kuma daga wane tafki aka kamo shi?” Aka yi wata 'yar dariya mai gajeren rai, na ɗauka ladabi ne ya taƙaita ta. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi shi, har aka ce a titi ma Zalɓe ake kiransa. Na ji daɗi. Ai ba kowa ke raɗa suna ya kama ba.

To, bari in gaya muku abin da duk tsakar gidan nan suka sani ban da ni. Zalɓe mijin ɗiyata ne. Ɗiyata ta fari.

Na san 'yan yanzu za su ce ƙarya nake, su da ke zama da surukansu a faranti ɗaya har ana miƙa wa juna cokali. Mu ba haka muka taso ba. Shekara goma sha huɗu da auren nan, ban taɓa ɗora idona a fuskar mutumin ba. Ranar ɗaurin aure ɗaki na shige. In ya zo gaisuwa bayan Juma'a, a bakin ƙofa yake tsayawa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa bayan asabari, ya yi gaisuwa da wata murya kamar kukan sauro, ni kuma in amsa fuskata na duban ƙasa. In ina tafe a hanya aka ce mini ga shi can, gidan da ya fi kusa nake faɗawa, ko ban san masu shi ba. Kuma alfahari nake da hakan. Ni ce mai cewa duk Sabon Gari ba macen da ta riƙe kunyar suruki kamar ni. Sunansa ma ba na kamawa, Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malamai da Faransanci, don malamin lakwal ne. Ita kuma ɗiyar tawa, tunda ba a kiran sunan 'yar fari, Ta Zariya nake ce mata, don a unguwar Zariya suke zaune.

Daga baya na ji yadda aka yi. Lakwal a rufe, albashi shiru, 'ya'ya biyar a gida. Wani abokinsa ya ja shi cikin 'yan teyatur, shi kuma ya haɗiye girmansa na malami ya bi. Ɗan abin da Alhaji Mati ke ba 'yan wasan shi ke hura wuta a murhun ɗiyata. Ƙwaryar tuwon da take aiko mini duk Juma'a, da ɗan namanta a sama, daga dogon wuyan nan take fitowa. Wato ran Alhamis in zage shi, ran Juma'a in cinye guminsa in suɗe hannu.

Me ya hana a gaya mini? Ai kowa ya ɗauka na sani. Wa zai yi zaton akwai matar da ba ta san fuskar mijin ɗiyarta ba? Da farko sun ce kara nake yi, don mutum ba ya yabon nasa. Da suka ga abin ya wuce kara ya kai ga raɗa suna, sai suka ce to, tsohuwa kunya take ji surukinta malami ya koma ɗan wasa, so take ta kore shi da baki. Ta Zariya ta rage zuwa gidana, in ta zo ba ta daɗewa. Na ce a raina 'yan birni kenan, an fara raina tsofaffi.

Wata ranar Talata da la'asar Mati ya shigo gaishe ni, ya zauna bakin tabarma yana juya makullin mota.

“Inna, Zalɓen nan fa. Da gaske kike?”

“Mati, ka taɓa jin na yi wasa da wasa?”

“A'a. Na ce dai ko a ƙara masa lokaci. Kin san halin da ake ciki.”

“Halin da ake ciki shi ya sa mutane ke buƙatar dariya ta ƙwarai. Ƙuda ne a fura. In kana son mutane su sha, tsame shi.”

Ya dube ni ya ce, “To, shi ke nan, Inna. Tunda ke da kanki kika faɗa, na wannan Alhamis ɗin shi ne na ƙarshensa.” Wannan “ke da kanki” ɗin na ɗauke shi kirari. Har na yi masa addu'a, na ce Allah Ya ƙara kasuwa.

Ran Alhamis ina zaune a tabarmata sai ga Ta Zariya ta shigo, wadda ba ta taɓa zuwa kallo gidan ba, tare da baƙuwa. Abu ce, uwar Mushe, daga Tibirin Gobir. Mun san juna a biki da suna. Gajeruwar mace ce mai zanen Gobirawa a kumatu, ba ta da yawan magana, in ta yi kalma goma a wuni to ranar an yi hira. Gidanta ba kuran, wato wutar lantarki, bare tele. An gaya mata ana ganin ɗanta cikin akwati, an kuma gaya mata daren nan ne na ƙarshe, shi ne ta shigo mota ta zo ta gani da idonta. Mushe kuwa ɗan farinta ne, ko wuƙa aka sa mata ba za ta nuna shi cikin mutane ta ce nata ne ba. Duk wannan ban sani ba. Ni dai na ga baƙuwa, na ga dama.

Na matsa mata a tabarma, na ɓare goro fari na ba ta rabi mai girma. Ta Zariya ta gaishe ni a gajarce ta wuce can baya kusa da randuna. Na ce wa Abu, “Yau za ki ga yadda mutanen Maradi ke tace wasa. A nan ba a dariya sai an tabbatar.”

Ta ce, “To.”

Mai tumbi ya fito ya yi nasa, na ce da gishiri, aka dara, Abu ta murmusa. Aka nuna sabulu. Sai ga Zalɓe a ɗan takara, ya tara 'yan ƙauye gindin bishiya. Wai a zaɓen da ya wuce ya yi musu alkawarin rijiya, yau ya dawo da guga a hannu, ya ce su ga alamar yana cika alkawari, in suka sake zaɓensa zai kawo igiya. Ku ji magana don Allah. Da ni aka ba wannan, sai an ɗauki wasu a kwance. Amma shi tun yana kan guga kafaɗunsa suka fara rawa, igiyar ta fito cikin ƙyaƙyatawa, rabin mutane ba su ma ji ta ba.

Na tafa hannu na ce, “Kin gani ko? An ba kare kilishi ya binne a rairayi.”

Abu ta ce, “Ina kallo.”

“Ki dubi wuyan nan. Ko maganar ce ke gajiya kafin ta hauro, shi ya sa take faɗowa da ka?”

Ba wanda ya dara. Wata a bayana ta yi tari, matar Mati ta tashi wai za ta duba shayi. Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa da na ji shiru sai na ɗauka ban ƙara wuta ba ne, ga baƙuwa daga Gobir, kada ta koma ta ce tsohuwar Maradi ta dushe. Na gyara zama, na ɗaga murya yadda har maza za su ji.

“Ni abin da nake so in sani, wace ce uwar wannan? Ba ta gaya masa gaskiya ne? Ita dai ta haifa, ba yadda za ta yi, haihuwa ba zaɓe ba ce. Amma in yana da aure, wace marar rabo ce ta duba duk mazan duniya ta ɗauki ɗiyarta ta ba wannan?”

Abu ta tauna goronta a hankali, ta ce, “Allah shi kyauta.”

Ana nan sai wasan ya juya. Ɗan takara ya tafi gaishe da uwar mai gari don ta sa baki a zaɓe shi. Ya iso bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, mai kamara kuma ya sauke ta ƙasa don a ga takalmin ɗan takara ya huje. Ni ban ga huji ba. Ƙafafu na gani. Ƙaramin yatsan hagu ya hau kan ɗan'uwansa, ga tabon ƙuna a idon sawu kamar ganyen zogale. Ya ɗora takalmin hagu kan na dama, ya juya bakinsu waje, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Shekara goma sha huɗu, duk Juma'a, abin da nake gani kenan ta ƙarƙashin asabarina. Fuskar ce ban sani ba. Ƙafafun nan ko cikin dubu sai na tsamo su.

Da na yi shiru, da wataƙila na tsira da rabin mutuncina. Amma bakin da ya saba ba ya jiran izini. Sai kawai na ji muryata tana cewa, “Waɗannan ƙafafun ai na san su.”

Matar Mati, da butar shayi a hannu, ta ce a hankali, “Inna, wai dama ba ki sani ba?”

Na ji maganar tana tafiya daga baki zuwa baki har zaure, ba ta sani ba, wallahi ba ta san shi ba ne. Na roƙi Allah a ɗauke kuran. Kuran ɗin da ba ya kwana biyu bai gudu ba, daren nan ya tsaya daram kamar shi kaɗai aka biya albashi. Na zauna cikin hasken akwatin nan, kowa na ganin fuskata, ina kallon surukina ido da ido karo na farko a rayuwata, yana riƙe da guga. Ban iya juyawa wajen randuna ba. Goron da ke bakina ya koma kamar ɓawon bishiya.

Abu ta jira har aka gama, aka sake nuna mai wankin nan da murmushinta. Sannan ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta tsaya a kaina.

“Hajiya, tambaya biyu kinka yi ɗazu, ba ni son in kwana da su.” Kawuna suka juyo gare ta. “Wadda ta haihe shi, ga ta tsaye, ta gode da goro. Wadda ta ba shi ɗiya kuwa…”

Ta tsaya. Ta gyara lulluɓi. Ta duba ko takalminta na nan. Na ga wuyan kowa ya miƙo, har nawa.

“…kada ki ga laihinta. Ba ta duba ba ta bayar.”

Ban taɓa jin dariya irin ta daren nan ba, ko a tatsuniyoyina. Mata suka kwanta kan juna, wani a zaure ya ture benci. Ita kuwa fuskarta ko gezau, ta ce a kwana lafiya, ta kama hanya. Kuma ga abin da ya fi ƙona ni: ina cikin wutar kunya, alƙaliyar da ke cikina tana cewa wannan da gishiri. Ta riƙe, ta jira, ta saki, ba ta dara ba. Duk ƙa'idata ta bi, a kaina.

Ban runtsa ba. Ba dariyar ce ta hana ni barci ba, murhun ɗiyata ne. Da asuba, ko rana ba ta fito ba, na yafa mayafi na tare Mati a ƙofar gida kafin ya tafi kasuwa, ga yaran shagonsa da direbobi tsaye.

“Mati, maganar Talata na zo in janye.”

Ya sunkuyar da kai, na ga gemunsa yana motsi. “Inna, na riga na aika musu.”

“Sake aikawa.”

“To in ce me? In ce Inna ta sake dubawa ta ga yana da gishiri?”

Nan fa aka zo wurin. Kalma ɗaya zan faɗa a wuce, amma in na faɗe ta na yi ƙarya, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya san ƙarya ce. Na ce, “Ba shi da shi. Amma gishiri zuba shi ake yi, ba a haihuwar miya da shi. Ka ce tsohuwa ta yanke hukunci ido rufe, tana roƙon wata ɗaya.” Ban taɓa roƙon Mati komai ba tun yana tsirara. Ya daina dariya, ya ce, “An ba ki, Inna.”

Daga nan Zariya na nufa a ƙasa. Na tarar da ɗiyata tana shara. Ta ajiye tsintsiya ta shimfiɗa mini tabarma, ba ta dube ni ba. Can ta ce, “Inna, na ɗauka kin sani. Na ɗauka ƙyamarmu kike yi.” Na ce, “Da na sani, da harshen nan na yanke na ba kaji.” Uwa ba ta ba 'yar fari haƙuri da baki, don haka na karɓi tsintsiyar na ƙarasa mata sharar. Ta gane. Abu tana bakin ɗaki tana jan carbi, muka gaisa kamar ba a yi komai ba, ta matsa mini wuri.

Sauran aikin a tsakar gidan nan aka yi shi, kuma wanda bai san mu ba zai ce mahaukata ne. Kunya ba ta faɗi don na gan shi a akwati ba. Ni in zauna na ba ƙofar zaure baya, shi yana cikin zaure, Ta Zariya a tsakiya, tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi taku biyar ba.

“Ki gaya wa mai gidan nan ya sake faɗin maganar gugar.”

“Wai ka sake faɗa.”

Sai ya faɗa, da muryar sauro.

“Ki ce masa ba gaisuwa ya zo ba, ya buɗe maƙogwaro. In ya kai guga ya tsaya, ya haɗiye yawu sau biyu, sannan igiya.”

“Ki ce wa Inna in na tsaya dariya ke taso mini.”

Wannan ce cutar, kuma mun yi kwana uku muna neman maganinta. Na ce ya ciji harshe, bai yi ba. Na ce ya tuna da albashinsa, ya ce wannan ma dariya yake ba shi. A rana ta huɗu na ce, “Tambaye shi, a gabana ya taɓa dariya?” Daga zaure ya ce a gaya mini ko a mafarki. Na ce, “To ki ce masa, in an kunna kamara, ya ɗauka ni ce zaune a cikinta.”

Wallahi tun daga ranar mutumin nan bai ƙara darawa a tele ba. Ya riƙa fitowa da dogon wuyansa da fuskar wanda aka kama da akuyar mutane, ya faɗi magana yana duban ƙasa, ya jira, ya ƙarasa kamar mai neman gafara. Mutane suka riƙa faɗuwa. Ba zan ce ya kamo mai tumbi ba (ƙarya ba ta kama ni a tsufa ba), amma da wata ya cika Mati bai ma tayar da zancen ba, kuma wutar murhun Zariya ba ta mutu ba har aka buɗe lakwal ya koma ga allonsa. Daren da ya fara yin daidai kawuna suka juyo gare ni kamar kullum. Na ce, “Ni ba na yabon nawa.” Aka bar ni a haka.

Kunyar suruki har gobe ina riƙe da ita, ban ce a yar ba. Sai dai na gane wanda ya rufe ido don ladabi, ya kamata ya haɗa da baki. Yanzu in abu ya ba ni haushi har na ji tambayar nan tana taso mini, wai wace ce uwar wane, sai in fara duba wadda na ba goro.